Tsakanin Honolulu da Guwam: Da Mil A Ke Auna Tafiya Ko Da Wahala?

  

A cikin Tekun Fasifik, wanda ya fi duk tekunan duniya girma, akwai tsibirai biyu a ƙarƙashin tutar Amurka, ko wane da babban filin jirgin samansa. Ɗaya shi ne Owahu, cikin tsibiran Hawayi, inda birnin Honolulu ya ke. Ɗayan kuwa Guwam ne, can yamma ta wajen Filifin da Japan. Tsakanin filayen nan biyu akwai kilomita kamar 6,100, watau mil 3,800. Wanda ya san nisan Kano da Jidda, wanda bai cika kilomita 3,500 ba, sai ya kusan ninka shi biyu, sa'an nan ya kawar da ƙasa daga ƙarƙashinsa ya zuba ruwa. Jirgin da ya tashi daga Honolulu bai yada zango ko ina ba ya kan sauka Guwam cikin sa'a 8 ko ƙasa da haka kaɗan. Dawowa ta kan tsaya wajen sa'a 7, domin iskar da ke can sama ta fi yawan kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgin ta baya. Hanya ɗaya ce, nisa ɗaya, amma zuwa da komowa ba su daidaita ba.

Ba haka tekun nan ya ke ga mutanen da ba. Majelan, matuƙin nan Bafotuge da ya yi wa Sarkin Sifen aiki, ya shigo Fasifik ta ƙurewar Amurka ta Kudu ran 28 ga Nuwamba 1520, bai sami inda zai ɗebi ruwa da abinci ba sai da ya iso Guwam ran 6 ga Maris 1521. Fiye da wata uku ke nan a kan ruwa. Mutanensa sun ci ɓeraye, sun jiƙa fatun da aka naɗe itatuwan jirgi da su sun tauna, dasashinsu ya kumbura, waɗansu suka mutu. Bayan shekara 400 da 'yan kai, cikin Nuwamba 1935, jirgin saman kamfanin Pan American mai sauka a kan ruwa ya ɗauko wasiƙu daga Kalifoniya zuwa Manila. Daga Honolulu sai da ya kwana tsibirin Midway, ya kwana Wake, kana ya ga Guwam a rana ta uku. Har yau ma akwai wani jirgi na kamfanin United, wanda asalinsa tun 1968 ne, da ke haɗa waɗannan filaye biyu ta doguwar hanya. Ya kan sauka Majuro, da Kwajalein, da Kosrae, da Pohnpei, da Chuuk, yana sauke mutane da kaya yana ɗaukar waɗansu, ba ya isa Guwam sai bayan sa'a 14 ko fiye. Har makaniki a ke ɗauka a cikinsa da kayan gyara, don in ya lalace a ɗaya daga cikin ƙananan filayen nan babu mai duba shi.

To, in aka ce mene ne nisan Honolulu da Guwam, wace amsa ce gaskiya? Mai taswira zai ce kilomita 6,100, ba ya ƙara ba ya ragewa. Fasinjan jirgin farko zai ce tsakanin azahar ne da magariba. Na biyu zai ce tun sassafe har dare ya yi nisa. Wanda ba shi da kuɗin tikiti kuwa, a wurinsa nisan bai ragu da taƙi ɗaya ba tun zamanin Majelan.

Wannan tambaya ba ta masu ilmin ƙasa kaɗai ba ce, domin shari'a ta rataya hukunce-hukunce a kan tafiya: sallar ƙasaru, da haɗa salloli, da ajiye azumi a rama daga baya, da faɗuwar wajibcin Jumma'a. A ko wane daga cikin tsibiran nan biyu akwai 'yar jama'ar Musulmi da masallacinsu, saboda haka mas'alar ba ƙaddarawa ce kurum ba. Ga inda ta ke da ƙaya. Tsibirin Guwam duka tsawonsa bai wuce kilomita 50 ba. Da wani lebura zai ɗauki kaya a ka tun daga ƙurewar arewa har ƙurewar kudu, cikin rana da gumin ƙasar da ba ta san hunturu ba, da bai kai iyakar da mafi yawan malamai suka yanka wa ƙasaru ba. Raka'a huɗu zai yi, azuminsa kuma yana wuyansa. Amma attajirin da ke kishingiɗe a kujerar gaba ta jirgin sama, ana kawo masa abin sha mai sanyi, ya kan ƙetare wannan iyaka cikin minti 6, kafin ya sauka kuma ya ninka ta fiye da sau 70. Shi an rage masa salla, an ba shi zaɓi a kan azumi. Mai hankali ba zai rasa tambaya ba: in don wahala aka yi rangwamen, yaya aka ba wanda bai wahala ba, aka hana wanda ya jigata?

Kafin amsa, yana da kyau a dubi kalmomin kansu. Larabawa suna kiran nisan tafiya masafa, malaman lugga kuma sun ce asalinta daga shanshana ne: jagoran ayari in ya yi shakkar hanya cikin sahara sai ya damƙi ƙasa ya shanshana, ya gane ko dabbobi sun saba bi ta nan. Kalmar safar kuwa, wadda Hausa ta aro ta mai da ita safara ta 'yan kasuwa, tushenta yaye lulluɓi ne, aka ce don tafiya tana tone halin mutum. Duka biyu jikin matafiyi suka duba, ba igiyar awo ba. Duk da haka, da malaman fiƙihu suka zo tsai da hukunci, awo suka nema. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, iyakar ita ce baridi 4, watau mil 48 na mutanen da, abin da a ke ƙiyastawa yau da kilomita 80 da 'yan kai. Shafi'awa da Hambalawa a kan haka su ke. Hanafawa sun auna da kwana uku na matsakaiciyar tafiyar raƙumi ko ta ƙafa. Ibnu Hazmi na Andalus ya sauko har mil ɗaya, Ibnu Taimiyya kuma ya ce babu iyakar da nassi ya yanka, duk abin da mutane ke kira tafiya a al'adarsu shi ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka sauri baƙon abu ne da ya zo wa malamai ba shiri. Imamu Annawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo a cikin Minhaju cewa teku da tudu hukuncinsu ɗaya, kuma wanda iska ta kora jirginsa ya cinye dukan milolin nan cikin sa'a guda yana da ikon yin ƙasaru. Bai ga jirgin sama ba, amma ya ga mas'alarsa, ya kuma yanke ta a kan mil, bai yanke a kan sa'a ba.

Dalilin haka yana cikin wani bambanci da malaman Usulu suka yi tsakanin illa da hikima. Illa a nan ba ita ce ta Hausa mai ma'anar aibu ba. Ita ce siffar da aka ɗaura hukunci a jikinta, in ta samu ya samu, in ta kau ya kau. Hikima kuwa ita ce amfanin da a ke nufi da hukuncin. Hikimar ƙasaru sauƙaƙa wahala ce, babu mai musun haka. Amma illarta tafiya ce. Suka shar'anta cewa illa ta kasance abu bayyananne mai iyaka, wanda mutum biyu ba za su yi jayayya a kan samuwarsa ba. Wahala ba ta da wannan siffa. Cikin jirgi ɗaya, a jeri ɗaya, akwai saurayin da ya yi barci tun daga Honolulu bai farka ba sai Guwam, akwai tsohuwar da ƙafafunta suka kumbura, akwai mai jego da jariri yana tsala kuka sa'a 8, akwai wanda tsoron teku ya hana shi haɗiye ko ruwa. Wa zai auna wa ko wane nasa? In aka bar wa mutum ya auna da kansa, sai abin ya juye: malalaci kullum a wahale ya ke ganin kansa, ko kasuwa ya je sai ya rage salla, mai tsantseni kuwa ko ya kusa suma zai ce bai kai ba tukuna. Rangwamen sai ya tafi ga wanda bai cancanta ba, ya tsere wa wanda aka yi dominsa. Malaman da sun san da wannan sarai, har su kan buga misali da sarkin da ke tafiya cikin daula, da maƙerin da ke gaban wuta a garinsu: na farko yana ƙasaru, na biyu ba ya yi.

Lalle wannan amsa tana da ƙarfi, amma ba daidai ba ne a yi kamar ta share tambayar ƙaƙaf. Duk dokar da aka ɗaura a kan iyaka bayyananniya sai ta ba wani abin da bai bukata ba, ta kuma tsallake wani mabukaci. Wannan shi ne kuɗin da a ke biya don a sami hukuncin da kowa zai iya sani ba tare da ya tona zuciyar wani ba. Abin dubawa shi ne ko kuɗin ya yi yawa. A ɓangaren attajiri babu asarar kowa: raka'a biyun da aka ɗauke masa ba daga hannun lebura aka karɓo su ba. Irin wannan mamaki ya taɓa kama Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Ayar ƙasaru a Suratun Nisa'i ta ambaci tsoron abokan gaba, sai ga shi tsoro ya wuce ana ta ƙasaru. Ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa cewa kyauta ce daga Ubangiji, abin da ya kamaci bawa shi ne ya karɓa. Imamu Muslim ya ruwaito labarin. Kyauta kuwa ba lada ba ce da a ke biya gwargwadon gumi, mai ita yana ba wanda ya so. Shi ya sa Malikawa suka ɗauki ƙasaru sunna ce mai ƙarfi, Hanafawa ma suka wajabta ta, ba su bar wa matafiyi ya ce shi yau bai gaji ba.

A ɓangaren lebura ne tambayar ta fi nauyi, kuma a nan amsar ita ce ƙofarsa daban ce, ba a rufe ta ke ba. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya rarrabe wahala a littafinsa Alfuruƙ. Akwai wadda ba ta rabuwa da ibada, kamar sanyin ruwan alwala da asuba ko ƙishin azumi da rani, wannan ba ta kayar da komi. Akwai wadda ta kai ga tsoron halaka ko lalacewar gaɓa, wannan tana kawo sauƙi ko mutum yana tsakar gidansa. Akwai 'yar ƙarama da ba a kula ta, sa'an nan abin da ke tsakani a kan riskar da shi ga wanda ya fi kusa da shi. A kan wannan ne malamai suka ce mai girbi da makamancinsa ya kwana da niyyar azumi, in ƙishi ya kai shi inda ya ke tsoron cuta ya sha ruwa ya rama. Abin da bai samu ba shi ne rage raka'a, domin aikinsa na kullum ne. Da an rage masa salla saboda shi, da ya ƙare rayuwarsa bai cika azahar ba, da kuma sallar talaka ta zama rabin ta mai hutu har abada. Da wuya a kira wannan gata.

Sa'an nan kuma bai kamata a gaggauta cewa jirgin sama ba shi da tasa wahalar ba. Hanyar Honolulu da Guwam tana da wani abin da raƙumi bai taɓa jawo wa kowa ba. Tsakanin wuraren biyu akwai digiri 57 na kewayen duniya, rana kuwa tana cin digiri 15 ko wace sa'a, saboda haka faɗuwarta a Guwam tana bayan ta Honolulu da kusan sa'a 4. Mai tafiya yamma yana bin rana ne a guje, ita kuma tana ƙin faɗuwa. A ce mutum ya ɗauki azumi a Honolulu, ya shiga jirgi da ƙarfe 2 na rana. Da yana gida, saura sa'a 4 da 'yan mintoci ya sha ruwa. A cikin jirgi sai ya yi sa'a 8 rana tana tagarsa, ya sauka tana shirin faɗuwa. Azumin sa'a 13 ya zama na 17. Fatawar malaman zamani a nan ita ce ba a buɗa baki da agogon garin da aka baro, sai ranar da ido ke gani ta faɗi. Bugu da ƙari, a mazhabar Malik wanda alfijir ya keto masa yana gida da niyyar azumi, ya fita bayan haka, ba shi da izinin karya azumin wannan yini don tafiya kawai. Hambalawa ne suka ba shi wannan izini. Mai dawowa gabas kuwa an rage masa sa'a 4 ba da roƙonsa ba.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne sunan ranar. Agogon Guwam yana gaban na Honolulu da sa'a 20, domin layin canjin rana, wanda ke bin digiri 180 daga Girinwic, ya ratsa tsakaninsu. Mutumin nan da ya tashi ƙarfe 2 na ranar Alhamis, sa'ad da ya sauka agogon hannunsa zai nuna 10 na daren Alhamis, na bangon filin jirgi kuwa 6 na yammacin Jumma'a. Rana ba ta faɗi masa ba ko sau ɗaya, amma an idar da Jumma'a, liman ya koma gida. Ina asubar Jumma'arsa, ina azahar ɗinta? Wanda kuma ya sallaci Jumma'a a Guwam, a ce ya tashi ƙarfe 3 na yamma, zai sauka Honolulu wajen 2 na dare, gari ya waye masa Jumma'a ce sabuwa.

Malamin Musulmi ne ya hango wannan tun kafin a gan shi a aikace. Abul Fida'i, sarkin Hama ta ƙasar Sham, wanda ya rasu a 1331, ya kawo misalin mutum uku a littafinsa Taƙwimul Buldan: ɗaya ya zauna, ɗaya ya kewaye duniya ta gabas, ɗaya ta yamma. In sun sake haɗuwa, na yamma lissafinsa zai gaza da kwana ɗaya, na gabas ya ƙaru da ɗaya. Bayan shekara 200 abin ya tabbata a kan ragowar mutanen Majelan. Da suka iso tsibiran Kef Bade cikin Yuli 1522, littafin jirginsu yana cewa Laraba, mutanen gari suka ce Alhamis ce, alhali kuwa ba su tsallake rubuta ko kwana ɗaya ba. Layin kansa yarjejeniyar mutane ce, su kan kuma matsar da shi in bukata ta kama. Filifin da Guwam sun shafe Talata 31 ga Disamba 1844 daga kalandarsu don su daidaita da Asiya. Kwajalein ta tsallake 21 ga Agusta 1993. Samowa ta kwanta ran Alhamis 29 ga Disamba 2011 ta tashi ran Asabar 31 ga wata, don cinikinta da Ostireliya da Niyu Zilan. Jumma'a guda ke nan gwamnati ta soke da takarda.

Warwarar mas'alar tana ga sanin abin da aka ɗaura salla a kansa. Ba a ɗaura ta a kan sunan rana ba, an ɗaura ta ne a kan ketowar alfijir, da karkatar rana, da tsawon inuwa, da faɗuwarta, da ɓacewar shafaƙi, a wurin da mutum ya ke. Wanda ya tashi Alhamis ya sauka Jumma'a, karkatar rana ɗaya ya gani, azahar ɗaya ke kansa da la'asar ɗaya, babu ramuwar sallolin yinin da bai rayu cikinsa ba. Wanda Jumma'a ta maimaitu gare shi kuwa dare ya shiga masa, alfijir ya keto, rana ta sake karkata, saboda haka sabon lokaci ne da sabuwar salla, ko ya bi jama'ar garin ko ya yi azahar ta matafiyi. Azumi ne ke bukatar ƙidaya, domin wata ba ya gaza kwana 29, wanda lissafinsa ya gaza haka sai ya cika bayan salla.

Har zuwa nan magana a kan haƙƙin Allah ce, inda aka ga mil yana da hukunci ko sa'o'i sun ragu. Da an juya ga haƙƙin mutane sai ma'aunin ya sake, kuma a nan ne mutane suka fi son su rikita lissafi. Hajji ba a ɗaura shi a kan kusa ko nisa ba, an ɗaura shi a kan iko. A babin hukunci a kan wanda ba ya nan, malaman Malikiyya sun raba nisa da kwanaki, suka kuma riskar da tafiyar kwana 2 cikin tsoro da ta kwana 10 cikin aminci. Watau abin da suka duba shi ne ko ana iya kai wa ga mutum, ba yawan ƙasar da ke tsakani ba. Haka ciyar da iyaye, da duba mara lafiya, da sada zumunci: ko wane yana bin iko. Tun 1986 wata yarjejeniya ta ba mutanen tsibiran Marshal da na Tarayyar Maikronesiya damar zama da aiki a Amurka ba da biza ba, dubbai daga cikinsu suna Hawayi da Guwam. A ɗauki ɗayansu da ke aiki a Honolulu, aka aiko masa mahaifiyarsa tana kwance a Majuro. Kakansa da ya yi irin wannan nisa yana da uzuri karɓaɓɓe, don kafin labari ya zo ya je an yi arba'in. Shi kuwa sa'a 5 ce tsakaninsu. In yana da kuɗin jirgi da izinin wurin aiki, ba zai buɗe taswira ya nuna kilomita kusan 3,700 ya ce ga abin da ya hana shi ba. Yana iya yin ƙasaru a hanya da hujjar mil, amma ba ya iya zama a gida da hujjar mil. Wanda ba shi da kuɗin kuwa uzurinsa yana nan daram, kuma nauyin ya koma kan danginsa masu hali.

Mutum ya kan so ya riƙe ma'auni biyun nan a juye. In maganar ibada ce sai ya ce ai yanzu tafiya ba wahala, ya ɗora wa kansa da waɗansu abin da aka sauke musu, har ya riƙa duban mai ƙasaru a filin jirgi kamar mai wasa da salla. In maganar ɗan'uwa ce sai nisa ya dawo sabo, a ce ai wuri ne mai nisa, wa zai iya. Tsananin farko ba ya cin ko kwabo, shi ya sa ya ke da sauƙin ɗauka.

Gwamnatoci ma suna da irin wannan lissafi, nasu kuwa ya fi muni. Waɗansu tsibiran yankin da jirgin nan mai zango biyar ke bi, nisansu ne ya sa aka zaɓe su ga abin da ba a so a yi kusa da gida. Daga 1946 zuwa 1958 Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya sau 67 a Bikini da Enewetak, cikin tsibiran Marshal, bayan ta kwashe mazaunansu. An ce wurin ya yi nisa da mutane. Ba a tsaya an tambaya nisa da waɗanne mutane ba. Ran 1 ga Maris 1954 aka tayar da mafi girmansu a Bikini, mai ƙarfin bom ɗin Hiroshima wajen sau 1,000. Tsibirin Rongelap yana gabas da wurin da kilomita kamar 150, bai cika ninki biyu na tafiyar ƙasaru ba. Iska ta kai musu toka fara ta zuba a kan rijiyoyinsu da jikin 'ya'yansu, ba a zo kwashe su ba sai bayan kwana 2. An mai da su gida a 1957 da cewa wurin ya gyaru. Ciwon maƙoshi da ɓarin ciki suka yi ta bin su, har a 1985 suka roƙi jirgin ruwan ƙungiyar Greenpeace ya kwashe su zuwa wani ɗan tsibiri, Mejatto, a gefen Kwajalein. Kwajalein ɗin kuwa sansanin sojan Amurka ne, in jirgin ya sauka can, fasinjan da ba shi da takardar izini ba ya ko saukowa ya miƙe ƙafa, yana zaune a kujerarsa har a gama sauke kaya a tashi.